Saƙon Auta Zuwa Ga Bushira

A daminar da ruwa ya yanke hanyar Guri zuwa Hadejia, har sai an shiga kwale-kwale ake tsallakewa, a nan Tasi'u ya fara ganinta. Shi ya taso da kwali huɗu na bandar tarwaɗa, ita kuma ta dawo daga gaida kakarta. Kowa a jirgin ya damƙe katako yana salati, ita kaɗai ta ɗaga wata baƙar jaka sama da kanta da hannu bibbiyu.

"Baiwar Allah, ki riƙe jirgin mana. Idan ya karkata fa?"

"Idan ya karkata ni na iya ruwa," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Kwamfutata ce ba ta iya ba."

Dariya ta ƙwace masa. Ya zare babbar ledar da ya rufe kwalinsa da ita, ya naɗe mata jakar tsaf, ya ɗaure bakin. A gaɓa kowa ya kama gabansa. Sai bayan kwana uku saƙo ya shigo wayarsa.

"Salam. Mai kwamfuta ce. A jikin kwalinka na ga lambarka. Yau kwana uku duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya tambaye ni ina kifin. Na gode, amma ban yafe ba. Sunana Bushira."

Ya karanta ya fi sau goma kafin ya iya ba da amsa. Daga ranar ita ta zama Malamata, shi kuma ta laƙaba masa Sarkin Ruwa.

Tasi'u mutumin kirki ne, wannan ko abokan hamayyarsa a kasuwar kifi sun shaida. Yana da difloma, yana da shago har da firiza mai aiki da sola, ga kunya ga kyauta. Amma kishi, kai jama'a! Idan ya kira Bushira aka ce tana kan wani kiran, ranar abinci ya fita daga ransa ke nan. Yayarsa 'Yar'azumi, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta sha ce masa, "Kai dai wannan zuciyar taka sai ta ja maka wata rana." Sai ya ce shi ba kishi yake ba, kulawa ce.

Bushira tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta ilimin kwamfuta. Wata la'asar a zauren gidansu ya tambaye ta wai mene ne wannan aikin kammala karatun da yake cinye masa lokacinta.

"Ka ga mutum biyu suna son su yi maganar sirri daga nesa," ta ce, "to sai sun fara haɗa mabuɗi, wato jerin lambobin da su kaɗai suka sani. Akwai hanyar da masana suka gano, a aika lambobin a jikin ƙwayoyin haske, ɗaya bayan ɗaya. Ita ƙwayar haske tana da wani hali: da zarar wani ya leƙa ta a hanya sai ta sauya. Idan su biyun suka gwada wani ɓangare na abin da suka samu, suka ga kusan ɗaya cikin huɗu bai dace ba, sun san an yi musu laɓe."

"To ke ina kika samu ƙwayar hasken?"

"Ina fa! Injinan nan ko jami'armu ba ta da su. Manhaja na rubuta da take kwaikwayon abin a cikin kwamfuta. Da Hausa ma na sa take nuna bayananta a allo, don 'yan sakandare su koya."

Ya gyaɗa kai kamar mai fahimta. Gaskiyar magana rabin bayanin bai shige shi ba, don wayarta ta yi haske a kan tabarma, idonsa yana can yana ƙoƙarin karanta sunan mai kiran a juye.

Sunan da ya gani shi ne Yaya Auta.

Auta ɗan ƙanin mahaifinta ne, autan Baffa Mala na Jahun, ma'aikaci ne a Dutse, har da mota. Duk unguwa an san Malam Modu, mahaifin Bushira, ya fi karkata gare shi. Da 'Yar'azumi ta tura manya su nema wa Tasi'u izini, amsar da suka dawo da ita gajera ce. Malam ya ce shi ba ya yi wa 'yarsa dole, amma ba ya son jin zancen kowa sai ta kare aikinta ta ci. Ya ƙara da cewa idan soyayyar nan ta taɓa mata karatu, to mai kifi ya nemi wata.

"Sarkin Ruwa, kada ka damu," ta rubuto masa. "Saura mako biyu in miƙa aikin. In na ci, Baba ba shi da sauran hujja. Yaya Auta kuwa yayana ne kawai, ka cire shi a ranka."

"Na cire, Malamata," ya amsa. Wallahi bai cire ba.

Ana saura kwana shida kafin ta koma makaranta, wuta ta ɗauke a unguwarsu ta ƙi dawowa. Gwajin ƙarshe kuwa sai kwamfutar ta yi kwana uku tana aiki ba a kashe ta ba, don tsohuwa ce, ga zagaye dubbai da za ta yi. Bushira ta ɗauko ta ta kawo shagonsa, ta jona a solarsa, ta ɗora a kan kanta daga ciki.

"Amana ce. Kada ka rufe ta, kada ka taɓa komai."

"Haba Malamata, ni da ko kunna ta ban iya ba."

Ranar farko ya cika alkawari. Rana ta biyu da hantsi kasuwa ta yi sanyi, ya je ɗaukar leda a kantar, idonsa ya sauka a kan allon. Rubutu ne yake ta gudu, layi bayan layi, da Hausa tsantsa.

"Auta ya aika wa Bushira. Bushira ta karɓa. Sun daidaita. Mabuɗin sirri ya kammala. Babu mai saurare."

Ya murje ido ya sake dubawa. Layin ya wuce, wani irinsa ya biyo. Auta ya aika wa Bushira. Bushira ta karɓa. A gefe ga lamba tana ƙirga zagayen, ta haura dubu huɗu.

Inna lillahi! Tasi'u ya zauna a kan kwali. Wato a shagonsa, da wutar solarsa, ake wannan? Saƙo dubu huɗu! Shi da in ta yi masa biyar a rana sai ya wuni yana murmushi. Har da mabuɗi, har da murnar babu mai saurare. Kishi ya turnuƙe shi.

A ƙasan allon akwai wani ɗan akwati an rubuta Saurara. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tuna ta ce amana, ya kuma tuna motar Auta. Ya sa yatsa ya danna.

"Hauwa tana saurare," in ji allon.

Wace ce kuma Hauwa? Ya ƙura ido yana jiran ya ga kalaman soyayya, amma ba abin da ya fito sai sifili da ɗaya, sifili da ɗaya, jere reras. Ya ce a ransa lallai ma, har rubutun ɓoye suka koya. Ya bar abin a kunne yana leƙowa, ko Allah zai sa su yi suɓul da baka, har aka kira la'asar. Da ya ga ba ci gaba, sai tsoro ya kama shi, ya sake dannawa ya mayar da akwatin yadda yake.

Da kwana ukun suka cika ta zo ta ɗauki kayanta da fara'arta. Ya miƙa mata yana kallon gefe. Kafin azahar saƙonta ya shigo.

"Sarkin Ruwa, na shiga uku. Sakamakon ya lalace. Inda bai kamata a ga kuskure ba, ɗaya cikin huɗu nake gani. Akwai ɓaraka a manhajata kuma na rasa inda take. Ka yi min addu'a."

Ga abin da wannan bawan Allah ya mayar mata: "Allah ya kyauta."

Wuni guda da rabi Bushira tana bin rubutun manhajarta layi-layi tana neman laifin da ba nata ba. Ba ta ci abin kirki ba. Shi kuwa yana shago yana kumbure-kumbure, yana jin shi aka cuta. Da abin ya ci shi ya ƙi cinyewa, sai ya wanke ƙafa ya tafi gidansu. Ta fito zaure idanunta sun yi ja.

"Bushira, tambaya ɗaya na zo yi. Me ke tsakaninki da Auta?"

"Yanzu kuma? Tasi'u, kana ganin halin da nake ciki?"

"Na gani da idona! Auta ya aika wa Bushira, Bushira ta karɓa, sau dubu huɗu. Har da wata Hauwa da kuka sa a ciki."

Ta dube shi, irin kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"A ina ka ga sunan Hauwa? Sunan nan ba ya fitowa sai an danna Saurara."

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ne," ta ce a hankali. "Ina nan ina zagin kaina, ina cewa ni daƙiƙiya ce, ashe kai ne. Ba wanda yake aika wa kowa saƙo, Tasi'u. Mutanen nan babu su, kwaikwayo ne, na gaya maka a zauren nan. A littattafanmu mai aikawa sunansa da harafin A yake farawa, mai karɓa da B, mai laɓe kuma sunan Hauwa'u Turawa suka sa mata da harshensu. B ɗin ni ce. Saura A. Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Na tara."

"Akwai wani a bayanka?"

"Babu."

"Yaya 'Yar'azumi ce ta ba ni labari, ta ce Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanka ba, Auta take ce maka. Sunanka da T ya fara, ba zai shiga ba. Na yi ta murna na samo maka hanya. Na so ranar da na ci in nuna maka."

Yana da shekara shida Inna ta rasu, kuma tun ranar ba wanda ya ƙara kiransa da sunan. Sai yanzu ya ji shi da muryarta, tana kiransa daga bakin murhu. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka danne shi. Wato da kansa yake kishi, kansa ya yi wa laɓe.

"Malamata, don Allah... ba za a iya gyarawa ba?"

"Mabuɗin da aka leƙa ba a gyara shi. Zubarwa ake yi." Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Kada ka ƙara ce min Malamata."

Ta shige gida. A ƙofar ya ji muryar Malam Modu daga ciki yana faɗa, yana cewa ai dama ya faɗa, yarinya ta sa samari a gaba ta kasa aikinta. Bushira ba ta ce uffan ba, ba ta tona shi ba. Wannan shirun nata ya fi komai yi masa ciwo.

Ya juya zai tafi, ya yi taku uku, ya dawo ya yi sallama da Malam.

Ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba. Malam Modu yana jan carbi har ya gama.

"Ka san abin da ya sa ban sake da kai ba?" in ji dattijon. "Mutane suna cewa wai don kana sayar da kifi. Ni kakana masunci ne a bakin Chadi. Idonka na gani. Ranar da ɗan'uwanta ya zo gaishe ni kana ƙofar gida, na ga yadda ka bi motarsa da kallo. Namiji mai irin wannan ido, matarsa a tsare take ko da ƙofa a buɗe. Tashi ka je."

"Baba, na ji. Alfarma ɗaya nake roƙo, ku bari in kawo solar nan gidan."

Malam ya amince. Ranar Tasi'u ya kwance faifan solar da baturansa daga shago, ya kafa su a tsakar gidan Malam, ya kwashe kifin firizarsa ya raba wa maƙwabta kafin ya lalace. Bushira ta roƙi malaminta ya ƙara mata kwana biyu, ta zubar da tsohon sakamakon gaba ɗaya, ta sake sabo. Ta tafi makaranta ba ta yi masa sallama ba.

A bakin 'Yar'azumi ya ji ta kare aikin, har malamai sun tafa mata. Ya rubuta mata, "Barka, Allah ya sanya albarka. Ban cancanci amsa ba." Amsar ta zo bayan kwana biyu: "Amin. Na gode da sola." Shi ke nan. Mako biyar ya yi yana rama, kullum yana jiran ya ji an ce an sa ranarta da Auta.

Ran nan da safe Malam Modu ya aiko a kira shi. Ya same shi a zaure da ambulan a hannu.

"Jahun nake so ka je min. Ka kai wannan gidan ƙanina Mala, ka ba ɗansa hannu da hannu. Ka riƙe ta a kwance, kada ka lanƙwasa."

Tasi'u ya karɓa da hannu biyu. Ambulan ɗin ba a liƙe take ba, bakin kawai aka soka ciki. A bayanta kuwa rubutun Bushira ne, ya san shi ko a mafarki: "Zuwa ga Yaya Auta."

Wannan karon ba Autan kwamfuta ba ne, na gaske ne mai mota.

Tafiyar da ya saba yi ba tare da ya ji ta ba, ranar ta zame masa kamar zuwa Legas. Ya ɗora wasiƙar a cinya ya dafe da tafin hannu. Me ta rubuta masa? Ta amince ne? Shi aka zaɓa ya kai da hannunsa don a hukunta shi? Sun wuce Kafin Hausa kaɗan taya ta yi faci, fasinjoji suka watse gindin bishiya. Ya koma gefe shi kaɗai. Ba mai ganinsa. Babban yatsansa ya kai bakin ambulan ɗin, har ya ji takardar ciki.

Kishin yana nan daram, yana cin sa kamar ranar farko. Amma ya tuna jajayen idanunta a zaure. Ya ce a ransa, in ma ta zaɓi Auta ne, to ta zaɓa, ba zai ci amanarta sau biyu ba. Ya janye yatsan. Hawaye ya zubo masa, ya goge da hula kafin direba ya kira su.

Auta ya tarbe shi da fara'a, wani ƙaton mutum mai yawan dariya, ya kai shi gaban Baffa Mala. Tasi'u ya miƙa saƙo zai juya.

"Ina za ka? Zauna tukuna," in ji Auta. Ya ɗauko farantin silba ya ajiye, ya zaro takardar a hankali, ya warware ninkinta a kan farantin. Wani lallausan farin yashi ya zubo, ya taru a tsakiya. Auta ya kwashe da dariya ya danna waya ya kira Malam Modu.

"Baba, yashi ya iso lafiya. Ko ƙwaya bai zube ba."

Tasi'u ya dube su, bai gane komai ba.

"Dabarar tsofaffin malamai ce," in ji Baffa Mala. "Da yashi suke shanya tawada, sai su bar shi a cikin ninkin. In ɗan aike ya buɗe a hanya, yashin ya tafi. Yaya Modu ya ce da 'yarsa ta gama yi masa bayanin karatunta, ya ce mata ai wannan kakansa ma ya sani. Karanta mana, Auta, idona ba ya gani."

Auta ya gyara murya. "Daga Modu zuwa ga ɗan'uwana Mala, da rubutun 'yarka Bushira da yardarta. Idan takardar nan ta iso da yashinta, to wanda ya kawo ta shi na ba Bushira. Kai ne waliyyinta, ka sa musu rana. Idan ta iso babu yashi, ku ba shi abinci ya ci, ku sallame shi da mutunci."

Tasi'u ya kifa kansa a kan tabarma ya fashe da kuka, ƙato da shi, ba kunyar surukai. Baffa Mala yana cewa a'a, a'a, tashi mana, Auta kuwa dariya har da riƙe ciki. A hanyar dawowa wayarsa ta yi ƙara.

"Tun safe ban zauna ba, ina ta addu'a kada ka buɗe. Ka dawo lafiya, Autan Inna. Malamarka ce."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Modu. Mutanen Guri da na Jahun suka cika unguwa, 'Yar'azumi ta yi ta guɗa har muryarta ta dushe. Malam ya riƙe hannun angon ya daɗe yana sa albarka.

Washegari da hantsi 'yan'uwa suka zo sallama. Auta ya tsaya a tsakar gida yana tsokanar amarya, ita kuma tana ta dariya har da tafawa. Tasi'u yana gefe yana murmushin yaƙe. Da suka fita ya rufe ƙofa, ya daɗe a tsaye, sannan ya zo ya zauna kusa da ita.

"Malamata, in faɗa miki wani abu? Dariyar nan da kika yi masa, wallahi har cikin raina na ji ta. Kishi nake ji."

Ta dube shi, ta kama hannunsa ta riƙe.

"Na gani tun ɗazu. Haka nake so, in ya taso ka zo ka faɗa min da bakinka, ni kuma in ba ka amsa da nawa."

"To me ya ce miki?"

"Cewa ya yi in riƙe ka da kyau, wai bai taɓa ganin ango mai kuka irinka ba."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sanyaya zuciyar duk wani mai irin ciwon Tasi'u. Amin.